Sunana a Bakin Inna

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara, daidai da cirar albasa. Jiya da azahar ina gona a Danwarai, ina tsaye kan yara suna yanke lawashi suna zuba albasa a buhu, sai wata iska mai zafi ta taso ta kwaso warin ganyen da rana ta soya ta cusa min a hanci. Na nemi gindin dogon yaro na zauna. Yaran suka ɗauka ƙishirwa ce ta kayar da tsoho, har ɗaya yana cewa a kunna injin ban ruwa a jiƙa ni. Na ƙyale su da dariyarsu. Rabon da azumi ya zo a irin wannan lokaci an haura shekara talatin, kuma wancan karon ban yi shi a gida ba. A gidan horon yara na yi shi, can birni, gemuna bai ko fara tsiro ba.

Abin da ya kai ni ba ɓoyayye ba ne, duk garinmu an sani. A lokacin babu inji, da jigo ake ban ruwa, rijiya ɗaya gonaki da yawa, kowa da lokacinsa. Lawali ɗan maƙwabcinmu ya karya ruwa zuwa fangalinsu tun nawa bai cika ba. Na yi magana ya yi dariya, ni kuwa zuciyata a kusa take tun ina ƙarami, sai na ɗaga ƙotar fartanya. Har yau kunnensa na hagu ba ya ji, ta dama nake gaishe shi. Alƙali ya ce a kai ni a gyara min hali, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ranar da aka zo tafiya da ni, babana ya tsaya a zaure ya ce shi ba ya da ɗa mai fasa kan mutane, kuma ƙafarsa ba za ta taka inda za a kai ni ba. Wannan bai dame ni sosai ba, na san faɗansa. Abin da ya tsaya min shi ne Inna. Tana tsakar gida tana daka. Ƙannena na kuka, mata sun leƙo ta katanga, ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Har muka fita ƙofa ina jin taɓarya tana sauka, tim, tim, kamar ba ɗanta ake ja ba.

Ni ne ɗan fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kakata Hajjo ce ta raine ni, ita ke ce min Attahiru da bakinta cike. Da ta rasu na koma gidanmu, sai na zama "wancan". "Ku kai ma wancan tuwonai." "Wancan ya komo?" Kowa ya san kunya ce, ni ma na sani. Amma da ƙyauren ƙarfe ya rufu a bayana sai sanin ya daina yi min amfani. Na riƙa gaya wa kaina cewa kunyar nan mafaka ce kawai, matar nan dama ba ta sona, ga shi kuma na ba ta hujja.

Gidan dogon gini ne mai rufin kwano, tagogi can sama kusa da rufi, ba abin da kake gani sai kan wata tsamiya da ke waje. Tun hantsi kwanon ke fara ƙara saboda zafi. Famfo kuwa da asuba kawai yake kawo ruwa, shi ma siriri, mu tara a randuna biyu, da shi za a yi alwala da wanka da girki. Ranar da bai kawo ba sai taimama. Sahur ɗinmu tuwon jiya ne da aka ɗumama, da miyar kuka wadda kana hango ƙasan kwano ta cikinta. Bayan sallar asuba a yi shara, malami ya zo ya biya mana karatu, sannan a kai mu rumfar kafinta muna goge katako har hannu ya yi kanta. Da azahar aikin ya tsaya, don ba mai iya ɗaga guduma. A mayar da mu ɗaki a kulle. Mu cire riguna, mu yayyafa ɗan ruwan da muka ɓoye a siminti, mu kwanta ciki a ƙasa muna juyi, in nan ya ɗumame ka matsa can. Leɓe ya tsage, yawu ya yi kauri, kuɗin cizo kuma ba su san ana azumi ba.

A wannan kwanciyar ce ake hira, don in ka yi shiru ƙishirwa za ta cinye ka. Hirar ba ta wuce gida. Wani yaro daga Jandutsi kullum sai ya dama mana furar gidansu da baki, ya zuba nono ya zuba zuma, har sai an jefe shi da takalmi. Wani ya lissafa awakin da yake kiwo da sunayensu. In aka jima sai muryoyi su yi ƙasa, kowa ya koma kan ranar da ya yi abin da ya yi, yana juya ta yana neman inda da ya tsaya. Da-na-sani ƙeya ce, mu kuwa a ɗakin nan ba mu da abin kallo sai ita.

Kusa da ni Sanda ke kwanciya, wani siririn yaro daga Kuberi. Shi gafiya ya bi da wuta a gindin rumbun maƙwabta, iska ta kwashi wutar ta cinye rumbuna da ɗakuna, har da na uwarsa. Ubansa ya daɗe da rasuwa. Uwar kuma ta rasu Sanda na tsare, sai bayan an yi bakwai labari ya iso masa. Duk da haka shi ne mai ba mu dariya. Wata rana na gaya masa ni ban taɓa jin sunana a bakin uwata ba, "wancan" take ce min, sai ya tashi zaune yana dubana.

"Ni auta na," ya ce. "Sunana awa tasbaha ga bakin innata. Sanda taho, Sanda ci, Sanda ina kat tahi. Har ɓoyo nikai bayan rumbu don ta bar ni in huta." Ya koma ya kwanta, ya ɗora hannu a ido. "Yanzu da za ta kira sau guda, ko zagi na, da na amsa."

Azumi bai yi nisa ba shugaban gidan ya tara mu a rumfa. Ya ce gida ya cika, don haka bayan salla za a rage mu. Duk wanda wani nasa ya zo ya tsaya masa, ya ce ya ɗauki nauyin kula da shi, za a sallame shi ya ƙarasa horonsa a gaban iyaye. Wanda ba a zo wa ba za a wuce da shi babban gida can wata jiha, inda ake tsare manyan samari, kuma ba a fitowa nan kusa. Ya ce an aika garuruwanmu. Daga ranar, Lahadi ta zama ranar hisabi, don ita ce ranar ziyara. Muna ɗaki a kulle, maigadi ya zo bakin ƙofa ya kira suna, mai sunan ya zabura ya fita yana gyara riga. Sauranmu mu yi kamar barci muke.

Maigadin tsohon soja ne, Kofur muke ce masa. Ba mutumin ƙasarmu ba ne, Hausarsa ta bariki ce, kuma ba mugu ba ne. An ce wani ya taɓa shigowa da sunan ɗan'uwa ya gudu da yaro, saura kaɗan Kofur ya rasa aikinsa. Tun daga nan ya kafa doka ɗaya wadda ba ya lanƙwasawa: in ka zo ziyara, ka faɗi sunan yaronka da bakinka, in ba haka ba ƙofa ba ta buɗuwa.

Wata Lahadi da yamma, lokacin shan ruwa, Kofur ya shigo da wani ƙulli ya ajiye kusa da tukunyar kunu. Ya ce wata mata ce ta zo, ya tambaye ta sunan yaronta ta ƙi faɗa, ta yi ta tsayuwa a rana, daga baya ta ajiye wannan ta tafi. Tunda ba suna, sadaka ce, kowa ya ci. Yaji ne, da ƙuli-ƙuli. Wanda bai taɓa cin wake da shinkafa, ba mai, ba gishirin kirki, na tsawon watanni ba, ba zai gane abin da yaji ya zama a gidan nan ba. Yara suka yi layi ana zuba musu a tafin hannu. Da na kai nawa hanci sai na ji gabu a ciki, wato busasshen ganyen albasa da ake dakawa. Haka Inna ke daka nata, amma na ce wa kaina duk ƙasar Aliero wace mace ce ba ta sa gabu a yaji. Na ci abincina.

Yara kuwa nan take suka raɗa wa matar suna Innarmu. Lahadi ta gaba da ƙullin ya sake zuwa, ɗakin ya ɗauka da ihu. Wannan ya ce wallahi uwarsa ce, ya gane daka. Wancan ya ce ƙarya ne, tasa ce, kunyar Kofur take ji don ya cika muni. Kofur na dariya yana korar su. Ni kuma idona na kan tsumman da aka ƙulle yajin. Baƙi ne mai ɗigon fari, da wata ƙuna a gefe. Zanen Inna ne na aiki, ni na ƙona shi da garwashi ina yaro, har Hajjo ta hana a doke ni. Na ɗauki tsumman na cusa a aljihu.

Daga Danwarai sai ka taka zuwa Aliero, ka nemi mota zuwa Jega, ka sake wata zuwa birni, ga azumi ga wannan rana. Macen da ko kasuwar garinmu ba ta zuwa. Daga baya na ji cewa ta ce wa babana za ta duba yayarta da ke kwance a Jega, shi ya sa take zuwa ita kaɗai, ba ko ƙanina da zai faɗi sunan a madadinta.

Da gari ya waye na tari Kofur na ce masa matar nan uwata ce. Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne na nawa? Yaro duka ya ce mama nashi ne. Yaji ya yi daɗi, ko?" Na nuna masa tsumman, ya ce shi ma yana da tsumma a gida. Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa ni ɗan fari ne, ba za ta iya faɗa ba. Ya ce shi uwarsa tun daga rafi take ƙwala masa kira, bai taɓa jin uwar da ta manta sunan ɗanta ba. Na nemi ganin shugaba aka ce ya yi tafiya sai jajibirin salla. Na koma ɗaki na doki bango da hannu har fata ta saluɓe.

Sai kuma zuciyar nan tawa ta juya kan Inna. Na ce wa Sanda ai shi ke nan, ta zo har ƙofa, ta ga ɗanta zai tafi inda ba a dawowa, amma kunyarta ta fi mata ni. Kalma ɗaya ce fa. In ba ta iya ba, ta riƙe yajinta.

Sanda bai yi dariya ba wannan karon. "Kai dai wawa na, Attahiru. Kana da mai tsayi cikin rana sabadda kai, kana zamne kana yi mata hisabi. Ni wa za ya taho min, ko da bebe na?" Muka kwanta muna kallon kwano, wani ƙadangare na tafiya a kansa, muna jin ƙarar ƙafafunsa.

Lahadin ƙarshe kafin salla ta zo da wani irin zafi mai nauyi. Tun hantsi hadari ya haɗu ta gabas ya tsaya, ba iska, ba ɗigo, gumi kawai ke bin mutum. A ranar ziyara yaro ɗaya ake bari a waje, mai share rumfar baƙi da ke jikin ƙofa, kuma aikin Sanda ne, don shi an san ba mai zuwa wajensa. Da safe ya riƙe ciki yana murƙususu, ya ce wa ma'aikaci ba zai iya ba, a ba Attahiru. Da zan fita ya kashe min ido, ya miƙo min tsintsiya.

Na share rumfar nan har ƙasa ta fara ramewa. Mutane na zuwa, suna faɗin suna, ana buɗe musu. Azahar ta wuce. Can wajen la'asar na ji sallama a bayan ƙyauren, murya ƙasa ƙasa, wadda ko cikin kasuwar Jega na ji ta zan gane. Ƙyauren ƙarfe ne rufaffe, sai wata 'yar taga da Kofur ke leƙawa. Ta ƙarƙashinsa nake hango ƙafafunta, sun yi fari fat da ƙura, silifa ɗaya an ɗaure shi da zare.

"Mama, ka dawo kuma. Suna."

"Yaron ga na Danwarai," ta ce.

"Ni ban san Danwarai ba. Suna."

"Yayan Hassi na. Mai sunan limamin garinmu. Shina da tabo ga haɓa."

"Mama, yaro duka yana da tabo. Yau ne ƙarshe fa. Bayan salla mota zai zo ya kwashe su. In yaro naka ne, faɗi suna nashi."

Ina jin hayaniyar masu jira a bayanta, maza da mata, wata na cewa baiwar Allah ki faɗa mana ki ba mu wuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san abin da ake nema a wajenta. Tun tana yarinya aka koya mata cewa macen da ta kira sunan ɗan farinta ba ta da kunya, kuma ta riƙe wannan tsawon rayuwata, ko a ɗaki ita kaɗai ban jin ta taɓa karyawa. Yanzu ana so ta karya a bakin titi, gaban maza baƙi. Duk fushin da na kwana da shi ya zube. Na ji tausayinta ya kama ni, na ji kunyar kaina, ni da na jawo ta nan. Na yar da tsintsiya na buɗe baki zan yi ihu in ce Inna ki bari, ki koma gida.

Sai na ji ta ce wani abu ciki-ciki.

"Ban ji ba, Mama."

"Attahiru!" Da ƙarfi ta faɗe shi, muryarta ta tsage a tsakiya. "Sunanai Attahiru. Ɗana na. Ni na haihe shi."

Kofur ya juyo zai aika a kira ni, sai ya gan ni durƙushe a ƙasa. Ya dube ni, ya dubi tagar, ya cire hularsa ya share gumi. Sannan ya zare sakata.

Kada ka ɗauka ta rungume ni. Ta shigo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta zauna a ƙarshen benci ta ba ni baya. Na gaishe ta, ta amsa wa bango. Da ma'aikaci ya zo ya tambaye ta ko ta ɗauki nauyina, ta ce ta ɗauka, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma uban ma za ta san yadda ta yi da shi. Na ce mata akwai wani yaro, Sanda, ba shi da kowa. Ta tambayi ma'aikacin ko za ta iya haɗawa da shi, ya ce sai dangi na jini. Ta kwance ƙullin yajin ta raba biyu, ta tura rabi gefena ba tare da ta juyo ba. "A ba yaron. A ce mai Allah shi jiƙan innatai."

Hadarin nan bai zubar da ko ɗigo ba, da magariba ya watse. Kwana kaɗan bayan salla aka sallame ni. Motar da ta zo kwasar su Sanda tana tsaye a tsakar gidan lokacin da nake fita, yana ciki, ya manna fuska a wayar taga yana min dariya. Ya ɗaga murya ya ce, "Wancan! A gaida Innarmu!" Na je Kuberi neman labarinsa bayan na yi aure, na sake komawa wata shekara, ba wanda ya san inda ya ƙare. Har yau in ina yi wa iyaye addu'a ina sa tasa uwar.

Da na dawo gida ne ƙanwata Hassi ta ba ni labarin ranar da aka tafi da ni. Ta ce dakan nan da Inna ke yi, tun kafin 'yan sanda su shigo ta riga ta kwashe garin. Turmin ba komai a cikinsa. Haka ta yi ta dukan itace har bayan la'asar, sai da tafin hannunta ya fashe aka ƙwace taɓaryar.

Yaran yanzu ba su san wannan kunyar ba sosai. Matar ɗana tana kiran nata ɗan farin tun daga ƙofar gida har a ji a masallaci, kuma ban ga abin da ya rage ta da shi ba. Inna kuwa tana nan a gidana, ta tsufa, ido ya yi rauni, azumin ma sai dai a ciyar mata. Tun daga ranar nan ba ta sake faɗin sunan ba, ni ma ban taɓa tayar mata da zancen ba. Jiya da na dawo daga gona an kusa kiran salla, na tsaya a zaure ina kakkaɓe ƙura, sai na jiyo ta daga ɗaki tana tambayar jikokinta.

"Wancan ya komo? Ku kai mai ruwa, rana ta yi zahi yau."

Na amsa tun daga zauren, da ƙarfi, yadda za ta ji. "Na'am, Inna."